Jinyar Baffana a Guangzhou: yadda aka shawo kan ƙullewar cikinsa bayan shanyewar ɓarin jiki

Duk ɗan kasuwar da yake zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya ya san unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, ya san inda masu canji suke da inda ake auna kaya a kargo, amma kaɗan ne a cikinmu suka san ƙofar da ake bi idan ciwo ya kayar da mutum a can. Baffana, ƙanin mahaifina, wanda a hannunsa na koyi kasuwar yadi, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki muna tsakiyar sayayya, lokacin baje kolin Canton na watan Oktoba. A duk jinyar da muka yi, abin da ya fi ba shi wahala, ya kuma fi hana ni barci, shi ne ƙullewar ciki. Magana ce da mutanenmu ba sa son a yi ta a fili, shi ya sa nake son in rubuta yadda muka bi ta daki-daki, ko Allah zai sa wani ya huta da ruɗewar da muka shiga.

Da asuba na same shi a ɗakinsa na otal bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana ba ta fita sosai. Ma'aikacin otal ne ya kira lambar 120, wadda ita ce ta motar asibiti a duk faɗin ƙasar Sin. A ɗakin gaggawa fasfo suka fara nema, domin da shi ake buɗe wa baƙo kati, daga nan aka wuce da shi hoton ƙwaƙwalwa na CT. Hoton ya nuna babu zubar jini, jijiya ce ta toshe. Likitan ya yi ta nanata tambaya ɗaya ta bakin tafintanmu: yaushe ne ƙarshen ganinsa lafiya? Akwai allurar da take narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya, amma a ƙa'ida cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta, shi kuwa Baffa tun bayan isha'i rabon da wani ya gan shi. Don haka ba a yi masa ba, aka ɗora shi a kan asfirin da maganin kitsen jini, aka ce sai an kwantar da shi. Kafin a ba da gado sai an ajiye kuɗin kafin alƙalami. Mu an nemi kimanin yuan dubu 10, kuma kullum ana miƙo takardar lissafin abin da aka cire, idan kuɗin ya yi ƙasa a ce a ƙara. Baƙon da ya shigo da bizar kasuwanci ba ya cikin inshorar lafiyarsu, komai daga aljihunsa ne. Kuɗin da muka ware na atamfa da shadda, shi ya koma na asibiti.

Abu na biyu da ya zo mini a baƙo shi ne, nas-nas ɗinsu allura da magani da awo ne aikinsu. Wanka da juya mara lafiya da kai shi bayan gida na dangi ne, ko kuma a ɗauki mai jinya na haya, wanda suke kira hugong. Na roƙi a ba mu namiji, aka samo wani dattijo mai haƙuri a kan yuan 280 a kullum, yana kwana a ɗan gadon naɗewa kusa da Baffa. An kuma gwada haɗiyarsa da ɗan ruwa a kofi, ya shaƙe ya yi ta tari, sai aka hana shi ruwa tsura, komai sai an kaurara shi. Daga nan shan ruwansa ya ragu ƙwarai, abinci ya koma 'yan cokula, ga kwanciya wuri ɗaya dare da rana.

Kowace safiya nas tana zagayowa da takarda tana tambayar kowane gado sau nawa aka yi bayan gida jiya, ta rubuta. Idan na juyo na tambayi Baffa sai ya kawar da kai ya ce, “Ɗana, bar wannan maganar, lafiya lau nake.” Mutum ne da ya goya ni ina yaro, ya aurar da 'ya'ya, yau a ce ɗan wansa ne zai tsare shi da tambayar ba-haya a gaban mata baƙi. Na fahimci nauyin da yake ji. Dattijon mai jinya ne ya warware mana, ya kama hannuna ya ɗora a kan cikin Baffa ta ɓangaren hagu, na ji ya yi tauri ya kumbura. A lokacin an doshi mako ba abin da ya fita. Ya daina karɓar abinci, warin bakinsa ya canza, ba ya barci, awon jininsa yana ta hawa. Da daddare na gan shi a kan fo ɗin da ake tura wa mara lafiya a gado, yana yunƙuri har gumi ya jiƙa masa wuya, jijiyoyin goshinsa sun tashi. Likitar da take aikin dare ta shigo ta tsayar da shi nan take. Ta ce wannan yunƙurin yana harba hawan jini sama farat ɗaya, kuma ga wanda ƙwaƙwalwarsa take da sabon rauni babu abin da suke tsoro kamarsa.

Washegari sai ga ɗan ruwa-ruwa yana ɓata masa zanin gado, har wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa da ya zo dubiya ya ce ai gudawa ce ta kama shi, a nemo maganin tsayar da ita. Likita ya ce sam, kashin ne ya daskare ya toshe ƙofa, ruwan yana zagayowa ta gefensa. Ya tattaɓa cikin, ya saurara da abin sauraro, aka yi hoton ciki don a tabbatar hanji bai murɗe ko ya toshe ba, aka ɗebi jini aka duba gishirin jiki, musamman fotashiyam, wanda ƙarancinsa yake kashe wa hanji motsi. Da komai ya fito daidai, aka matsa masa wani ɗan ruwan gilisarin ta dubura mai suna kaisailu, wanda kuɗinsa bai wuce 'yan yuan kaɗan ba, nas ta sa safar hannu ta ciro wanda ya daskare, aka fara ba shi ruwan lactulose, maganin sha mai tausasa kashi. Ya samu sauƙi, amma bayan 'yan kwanaki ciki ya sake ɗaurewa, aka koma gidan jiya. Da lokacin sallama daga sashen jijiyoyi ya yi, likitansa da kansa ya ba da shawara mu koma sashen gashi da motsa jiki na wani asibitin maganin gargajiyar Sin, ya ce a can za a haɗa masa koyon tafiya da gyaran cikin gaba ɗaya.

Sauya asibiti yana buƙatar takardu: takardar sallama mai jan hatimi, hotunan CT, sakamakon gwajin jini, da jerin magungunan da yake sha. Kada a bar wurin biyan kuɗi ba tare da rasit na hukuma ba, wanda suke kira fapiao. A sabon asibitin aka sake buɗe kati da fasfo, muka jira gado ya samu, aka sake ajiye kuɗi. A tsakiyar wannan ne bizarmu ta kusa ƙarewa. Dokarsu ta tanadi tarar yuan 500 a kan kowace ranar da mutum ya zarce, har zuwa yuan 10,000, ban da tsarewa da za a iya yi. Na je ofishin shige da fice na 'yan sanda da fasfo ɗinmu, da hotuna, da takardar rajistar masauki, da shaidar likita mai hatimin asibiti cewa Baffa ba zai iya tafiya ba kuma ni ne mai jinyarsa. Suna riƙe fasfo kimanin kwanakin aiki 7, su ba ka wata takarda a madadinsa. A yi kwafin fasfon da yawa kafin a miƙa shi, domin kusan kowace taga a asibiti sai an tambaye shi.

Na zaci zan tarar da ɗakin ganyaye da turmi. Abin da na tarar asibiti ne cikakke mai na'urar CT da ɗakin gwaje-gwaje, likitocinsa da fararen riguna, kuma ba su taɓa asfirin ɗinsa da maganin hawan jininsa ba. Bambancin ya fito ne a wajen duba mara lafiya. Babbar likitar, wata dattijuwa, ta sa Baffa ya zaro harshensa, ta daɗe tana kallo, ta sa ɗalibanta suka ɗauki hotonsa. Na leƙa ni ma: jajir ne a gefe, samansa da wani kauri rawaya a bushe. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa na dama, ta koma na hagu. Sannan tambayoyi suka biyo baya: yana jin ƙishirwa? Bakinsa yana ɗaci? Yana gumi da dare? Idan an danna cikin yana jin zafi ko daɗi? Abin da yake fita, dunƙule-dunƙule ne kamar kashin awaki, ko kuwa mai laushi ne ƙarfin turo shi ne babu? Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, “Baffa, don girman Allah ka yi haƙuri ka amsa, maganin da za su ba ka yana kan amsar nan.” Ya rufe ido ya amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Bayanin da ta yi shi ne, a wurinsu ƙullewar ciki kashi biyu ce manya. Akwai ta cikowa, inda zafi da majina suka cushe hanji, wadda aka fi gani a farkon shanyewar jiki. Akwai ta rashi, inda jiki ya rasa ƙarfin turawa ko hanji ya rasa danshi, wadda take zuwa daga baya, musamman ga tsofaffi. Maganin wannan yana iya cutar da mai waccan. Ta ce Baffa yana kashi na farko, za ta rubuta masa wani haɗi mai suna Xinglou Chengqi, wanda likita Wang Yongyan ya tsara musamman don masu shanyewar jiki da cikinsu ya ɗaure. Abubuwa huɗu ne ginshiƙinsa: saiwar dahuang mai sa zawo, wani farin gishiri mai suna mangxiao da yake jawo ruwa cikin hanji, 'ya'yan gualou, da wata sarrafaffiyar saiwa mai suna dan nanxing.

A nan ne tafintanmu, wani ɗalibi Musulmi, ya yi mana babban amfani. Ya ce in tambaya da me ake sarrafa dan nanxing. Aka ce da ruwan matsarmama ne, na saniya ko tunkiya ko alade, kuma ɗakin magani ba zai iya tabbatar mana da wanne ne a kwalbarsu ba. Na ce Baffa ba zai sha ba. Likitar ba ta ɓata rai ba, ta ce ta saba da Musulmin ƙabilar Hui, ta cire shi ta sa wani tsiro a madadinsa. Ta kuma rubuta a saman fayil ɗinsa cewa kada a sa masa kayan dabba ko wanda aka jiƙa da giya. Wannan rubutun ya yi mana rana daga baya, domin haɗe-haɗen da suke ba masu shanyewar jiki sukan ƙunshi busasshiyar tana, ko matsattsaku, ko kunama, akwai kuma nau'in dahuang da ake sarrafawa da giyar shinkafa. Ba don mugunta ake sa su ba, haka tsarin maganinsu yake, kuma suna sauyawa idan ka yi magana da wuri.

Asibitin ne yake dafa maganin, ya ɗura shi a ƙananan ledoji a like, biyu a rana, a tsoma leda a ruwan zafi ta yi ɗumi kafin a sha. Na Baffa sai da aka kaurara shi da garin da aka ba mu saboda shaƙewa. Baƙi ne, mai ɗaci ƙwarai. Na 'yan kwanaki kaɗan kawai ta rubuta, ta ce da zarar ciki ya buɗe a tsaya, ko da sauran ledoji, domin idan aka zarce zai koma gudawa, ruwan jikinsa ya ƙare, wanda shi ma hatsari ne ga mai toshewar jijiya. Kwana ɗaya da farawa cikin ya fara ƙugi, zuwa yamma ya fitar da abu mai yawa, baƙi, mai tsananin wari. Daren nan ya yi barcin da rabonsa da shi tun kafin ciwon, da safe ya nemi abinci da bakinsa, awon jininsa ya sauka. Na fita baranda na yi hamdala, idona cike da ƙwalla.

Da ta dawo zagaye ta sake duba harshen, rawayan ya ragu, ya koma fari-fari da alamar haƙora a gefensa. Ta ce yanzu rashin ƙarfi ne ya rage, ta canza takarda gaba ɗaya: saiwar huangqi da baizhu don ƙarfi, danggui da irin huomaren don danshin hanji. Kafin ta sa danggui sai da ta sake duba jerin magungunansa, ta ce da warfarin, maganin tsinka jini, yake sha da ba za ta sa ba, domin haɗuwarsu tana iya jawo zubar jini. Kowane mako ana sake takardar, a ƙara wannan a rage wancan. Ta kuma ba mu ƙwayoyin Maziren Wan, maganin ƙullewar ciki, na ajiya, haɗin da ya samo asali daga likita Zhang Zhongjing kimanin shekara 1,800 da suka wuce, wanda har yau ake sayarwa a kantunan maganinsu.

Sauran aikin duk a wajen jiki aka yi shi. Da hantsi mai tsira allurai yakan zo da siraran allurai sababbi a leda. Yana tsira biyu a gefen cibiya dama da hagu, tazarar yatsu uku, wurin da suke kira Tianshu, wasu a ƙasan gwiwa ta gefen ƙwauri, wato Zusanli da Shangjuxu, ɗaya a bayan hannu sama da wuyan hannu. Yakan maƙala wa na cikin 'yar wayar lantarki su riƙa rawa a hankali, a bar su kusan minti 30. Baffa ya ce nauyi yake ji da ɗan tsami, ba zafi ba. Wani matashin likita ya gaya mini cewa a 2016 an wallafa wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Sin da mutum sama da 1,000, inda allurar lantarki ta mako 8 ta fi ta bogi ƙara yawan fita bayan gida, amma ya ƙara da cewa waɗancan ba masu shanyewar jiki ba ne. Na ji daɗin wannan gaskiyar tasa. Nas-nas kuma sukan manna ƙananan ƙwayoyin iri a cikin kunnensa da filasta, a riƙa dannawa sau da yawa a rana, su kuma liƙa kwaɓaɓɓen garin dahuang a cibiyarsa na 'yan awoyi. Akwai gashi da hayaƙin ganyen aiye, dangin tazargade ne, ana ƙona shi a akwatin katako a saman ciki. Wannan yana buƙatar ido sosai, domin ɓangaren da ya shanye ba ya jin zafi yadda ya kamata, fata tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Kullum nakan sa tafin hannuna a ƙarƙashin akwatin in ji da kaina.

Wanda na koya da hannuna shi ne tausar ciki. Mara lafiya ya kwanta rigingine, a ɗan lanƙwasa masa gwiwoyi, ka ɗumama hannunka ka shafa mai. Ka fara daga ƙasan ciki ta dama, ka hau zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, ka tsallaka zuwa hagu, ka gangara ƙasa, yadda babban hanji yake kwance. A hankali, kimanin minti 10, safe da yamma, ba a kan cikakken ciki ba, kuma bayan ya yi fitsari. Da farko Baffa yakan rufe fuskarsa da hula idan zan yi masa. Daga baya shi yake kira na, “Ɗana, zo lokaci ya yi.” Sannan masu koyar da motsa jiki suka dage a daina ba shi fo a kwance. Da zarar ya iya zama, kowace safiya bayan karin kumallo sai a ɗora shi a kujerar ba-haya, a sa masa ɗan benci a ƙarƙashin ƙafafu, a ja labule, kowa ya ba shi wuri, ko ya ji ko bai ji ba. Abinci kuwa daga gidajen abincin halal na Xiaobei nake kawowa: kunun shinkafa da dankali da kabewa a dame, miyar kuɓewa, gwanda, da ruwan ɗumi mai kauri kaɗan-kaɗan duk yini. A ganina wannan zaman na safe da ruwan da tausar sun yi aikin da bai gaza na ledojin magani ba, kuma su ne ba a biyan ko kwabo a kansu. Kafin a sallame mu yana fita kusan kullum ba tare da yunƙuri ba, an rage lactulose, kaisailu kuwa an daina.

Shirin dawowa gida ya ɗauki lokaci. Cikakken fayil ba ya fitowa ranar sallama, sai an koma ɗakin ajiyar fayil da fasfo bayan wasu kwanaki, sannan a kai kamfanin fassara ya mayar da shi Turanci da hatimi. Na roƙi likitar ta rubuta sunan kowane tsiro da sunansa na kimiyya, don likitan gida ya san abin da ya shiga jikinsa. Kamfanin jirgi yana da fom na lafiya da likita zai cike dab da tafiya, a nan ake neman keken guragu. Daga Guangzhou zuwa Addis Ababa kaɗai ya haura awa 10, don haka aka tabbatar cikinsa ya sauka kwana ɗaya kafin tashi. Ƙwayoyin Maziren Wan a can muka bar su, domin huomaren irin tsiron wiwi ne, ba ya bugarwa, amma ban ga dalilin tsayawa yi wa jami'an filin jirgi bayani da gurgun dattijo a keke ba.

A Kano 'yan dubiya suka cika gida, kowa da maganinsa, kuma wanda aka fi kawowa shi ne filasko. Sinawa ma suna da ɗan'uwansa a ɗakin maganinsu, kuma likitar ta riga ta ja mini kunne a kansa da kan dahuang: magungunan buɗe ƙofa ne sau ɗaya, idan aka mayar da su na kullum hanji yakan saba har ya kasa aiki sai da su, ga zubar da gishirin jiki. Na yi wa Gwaggo, matar Baffa, wannan bayani, na koya mata tausar, ita da babban ɗansu, muka rataye kalanda a bayan ƙofa ana yin alama duk ranar da ya fita. Likitan da yake duba shi a nan ya karanta fayil ɗin, ya bar shi a kan lactulose idan buƙata ta taso. Ƙa'idar da muka tsayar a gidan ita ce wadda aka ba mu a can: idan aka kwana 3 babu alama a kalanda, a kira likita. Idan kuwa ciki ya kumbura da amai, ko iska ta daina fita, ko aka ga jini ko baƙin kashi alhali yana shan asfirin, ba a ba shi komai ta baki, asibiti za a nufa da shi a wannan lokacin.